Darasi na 11: Tsaron Shinge da Sulalewa a Ƙwallon Kwando

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin ƙwallon kwando bayan La'asar ya ga irin wannan. Yaro yana tsare da mai ƙwallo, ya duƙa, ya ware hannuwa, idonsa na kan cibiyar abokin karawarsa kamar yadda aka koya masa. Mai ƙwallo ya ja dama, yaron ya bi shi da sauri, sai ka ji tim! Ya yi karo da ƙirjin wani ƙato da bai san da zuwansa ba. Kafin ya farfaɗo mai ƙwallo ya wuce, ƙaton kuma ya juya ya nufi kwando, an miƙa masa, ya zura. Abin da yaron zai fara faɗa in ya waiwayo shi ne, "Haba, ba ka gaya mini ba!" Kuma da gaskiyarsa.

Wannan dabara da ta ka da yaron ita Amurkawa ke kira fik an rol. A filayenmu za ka ji matasa suna cewa sikirin. A wannan littafi za mu kira ta shinge da sulalewa, don sunan ya faɗi aikin: mutum ya zo ya tsaya ya zama shinge tsakanin mai tsaro da wanda yake tsarewa, da an wuce sai ya sulale ya nufi kwando. Mutum huɗu ne a tsakiyar lamarin. Masu kai hari suna da mai ƙwallo da mai shinge. Mu kuma muna da mai bin ƙwallo, sai wanda ke tsare da mai shinge, wanda galibi shi ne mafi tsawo a ƙungiya, don haka za mu riƙa ce masa dogo. Ku riƙe waɗannan sunaye huɗu, da su za mu yi ta aiki.

Wuyar abin a lissafi take. Da mai bin ƙwallo ya maƙale a shinge, ko na daƙiƙa ɗaya ne, dogonmu ya zama shi kaɗai a gaban mutum biyu. In ya fito ya tari mai ƙwallo, mai shinge ya sami hanya a bayansa. In ya bi mai shinge, mai ƙwallo ya sami sararin jifa. Taura biyu ba ta taunuwa. John Stockton da Karl Malone sun shekara 18 tare a ƙungiyar Utah Jazz ta Amurka, daga 1985 zuwa 2003, kuma duk wanda zai kara da su tun daga gida ya san abin da za su yi masa. Sanin bai hana Stockton ya ajiye wasa da fasin 15,806 da suka zama maki ba, adadin da har yau babu wanda ya kamo a gasar NBA, kuma da yawansu a hannun Malone suka sauka. Na kawo wannan ne don mu cire wani tunani tun da wuri. Babu tsarin da ke toshe kowace kafa. Duk tsaron da za mu gani a nan yana rufe wasu ƙofofi ya bar ɗaya a buɗe. Aikin ƙungiya shi ne ta zaɓi ƙofar da za ta bari, kowa ya san ta, sannan a faɗe ta da ƙarfi a cikin fili.

Abin da doka ta ce

Mu a Najeriya da Nijar da dokokin hukumar FIBA muke wasa. A dokarta, dole mai shinge ya kasance a tsaye cak, ƙafafunsa biyu a ƙasa, a lokacin da aka yi karo da shi. Ba shi da damar miƙo gwiwa ko kwankwaso ko gwiwar hannu don ya tare ka. In kana cikin gudu ne, sai ya bar maka tazarar taku ɗaya zuwa biyu, yadda za ka iya tsayawa ko ka kauce. In ya saɓa wa wannan, laifi ne a kansa, ƙwallo ta dawo hannunku. Amma kai ma in ka ture shi da hannu don neman hanya, laifin naka ne. Kada kuma ka tsaya kana ɗaga wa alƙalin wasa hannu kana jiran usur. In bai hura ba, wasa na tafiya, kuma mutuminka ya riga ya yi nisa.

Dogo ne mai baki

Mai bin ƙwallo ba shi da ido a ƙeya. Hankalinsa duka yana kan wanda ke gabansa, kuma haka ya kamata. Dogo kuwa yana baya, fili duka a gabansa yake, yana ganin lokacin da mutuminsa ya ɗaga ƙafa ya nufi sama. A nan ne tsaro ke farawa. Abu uku ake so ya faɗa, a jere: cewa shinge na tafe, ta wane hannu, da abin da za a yi. "Shinge! Hagu, hagu, hagu! Ja baya!" Hagun da ake nufi na mai bin ƙwallo ne, don shi ake yi wa jagora. Kuma tun mai shinge yana hanya ake kira. Kiran da ya zo bayan an yi karo sunansa ihu bayan hari.

A nan nake so in ɗan tsaya, don matsalarmu a nan take. Na sha koyar da matasa waɗanda a bakin titi muryarsu har unguwa ta gaba, amma da sun shiga fili sai baki ya mutu. Wani kunya ce, wani tsoron kada ya yi kuskure a ji shi. Wanda ya fi tsaya mini a rai wani yaro ne dogo, ɗan shekara sha shida, mai ladabi ƙwarai, da yake wasa tare da wansa. Sau uku a jere wan yana karo da shinge. Na tsayar da wasa na tambayi yaron ko bai ga shingen yana zuwa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gani, Malam. Yayana ne, ba zan iya daka masa tsawa ba." Tarbiyya ce mai kyau, kuma ba na so ya rabu da ita. Sai na kira wan, na ce ya gaya wa ƙanensa da bakinsa abin da yake so. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka kira ni da ƙarfi. Ƙirjina ne ke ciwo." Daga ranar, "Yaya, hagunka!" ake ji har wajen katanga. A cikin fili, faɗakar da na gaba da kai ita ce girmamawar.

Ko da Hausa za ku yi kiran ko da Turanci, duk ɗaya ne. Sharaɗin dai kalmomin su zama gajeru, kuma kowa a ƙungiya ya san ma'anarsu tun a wurin atisaye.

Ta sama ko ta ƙasa

Da mai bin ƙwallo ya ji kira, hanya biyu ce a gabansa. Bi ta sama shi ne ya kutsa tsakanin mai ƙwallo da mai shinge, ya ƙi rabuwa da mutuminsa. Yadda ake yi: ka matsa ka manne da mai ƙwallo tun shingen bai iso ba, ka jefa ƙafarka ta gaba ta haye ƙafar mai shinge, ka karkata kafaɗa ka tsuke jiki kamar mai ratsa cunkoson kasuwa ranar jajibere. Wanda ya bar tazara tsakaninsa da mai ƙwallo ya ba mai shinge wurin tsayawa, kuma ba makawa zai maƙale.

Bi ta ƙasa kuwa shi ne ka zagaya ta bayan mai shinge, dogo ya ja da baya taku ɗaya ya ba ka hanya, ka tari mutuminka a ɗaya gefen. Wannan ya fi sauƙi kuma yana hana kutsawa, amma ka ba shi sararin jifa daga nesa. Layin maki uku a dokar FIBA mita 6.75 yake daga kwando. Tambayar ita ce, wannan mutumin yana ci daga can? In irin Stephen Curry ne, bi ta ƙasa sadaka ce ka ba shi. To amma a wasannin unguwa da na makarantu da na gani, masu riƙe ƙwallo da yawa gudu da yanka suka iya, hannunsu bai zauna daga nesa ba. Irin waɗannan a bi musu ta ƙasa ba tare da jin nauyi ba, har sai sun ci biyu a jere sun nuna lallai sai an fito musu.

Ja baya

Yanzu sai aikin dogo. Tsari na farko, wanda nake ba sabuwar ƙungiya shawara ta fara da shi, shi ne ja baya. Mai bin ƙwallo ya bi ta sama, dogo kuma ya ƙi fitowa. Ya tsaya wajen layin jifan kyauta ko ƙasa da shi, yana ja da baya sannu a hankali, mai ƙwallo da mai shinge duka suna gabansa. Doka ɗaya ce a kansa: kada mai shinge ya wuce bayanka. Shi kuma mai bin ƙwallo ya biyo mutuminsa ta baya, ya ɗaga hannu ya dame shi, har ya sake shan gabansa.

Ƙofar da aka bari a nan ita ce jifan tsakiya, wanda ba kusa ba, kuma bai kai layin maki uku ba. Ga dalilin da ya sa aka zaɓe ta. Ɗauki mutum ya yi jifa goma daga tsakiya ya ci huɗu: maki 8. Wani ya yi goma daga bayan layi ya ci uku kacal: maki 9. Wani kuma a ƙarƙashin kwando ya ci shida cikin goma: maki 12. Ka ga jifan tsakiya shi ne mafi arha, don haka in dole sai an ba da wani abu, shi za a bayar. A kan wannan lissafi koci Mike Budenholzer ya gina tsaron Milwaukee Bucks, da Brook Lopez a tsaye a bakin kwando, har suka ɗauki kofin NBA a 2021. Mu ma muna da wani gata da su ba su da shi. A NBA mai tsaro ba ya wuce daƙiƙa uku a cikin akwatin da ke ƙarƙashin kwando in ba wani yake tsarewa ba. A dokar FIBA babu wannan ƙa'ida, dogonmu yana iya zama a nan iya son ransa.

A wannan gasar ta 2021 ne aka ga wani abu da ya kamata kowane dogo ya nema ya kalla. Wasa na huɗu ne na zagayen ƙarshe, Milwaukee da Phoenix Suns, saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, Milwaukee na gaba da maki biyu. Devin Booker na Phoenix ya zagayo shingen Deandre Ayton ya nufo ciki. Giannis Antetokounmpo na Milwaukee, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne da suka yi ƙaura zuwa Girka, shi ne dogo a wannan karon. Ya taka gaba ya tari Booker. Booker ya ga Ayton ya sulale, sai ya cilla masa ƙwallo sama, daidai bakin kwando. Ƙwallo tana iska Giannis ya juya, ya daka tsalle, ya kaɗe ta daga hannun Ayton. Ba kowa Allah ya ba irin wannan jiki ba, amma ku lura da ƙafafunsa kafin tsallen. Bai fito da nisan da zai kasa komawa ba. Wannan awon tazara kowa yana iya koyonsa.

Inda ja baya ke faɗuwa shi ne in aka haɗu da mai hannu. Wanda zai zagayo shinge ya tsaya cak ya jefa maki uku, ko tsohon hannu irin Chris Paul da jifan tsakiya ya zame masa kamar shan ruwa, zai cinye ku a tsaye. A nan sai dogo ya fito.

Leƙe da rufdugu

Leƙe shi ne dogo ya fito taku ɗaya ko biyu sama da shingen, ƙirjinsa na kallon layin gefe, ya tilasta wa mai ƙwallo ya yi kwana mai faɗi, sannan ya koma wa mutuminsa da gudu, hannuwa a sama. Lokaci kawai yake saya wa abokinsa. Yana cin ƙarfi, kuma dogo mai nauyin jiki ba zai jure shi har ƙarshen wasa ba.

In dogon ya fito bai koma ba, suka haɗu su biyu a kan mai ƙwallo, ya zama rufdugu. Ana so a rufe shi ruf, ƙafa da ƙafa, kada a bar masa tsagar da zai ratsa ta tsakani, hannuwa huɗu suna bin ƙwallon ba tare da an kai masa duka ba. Manufar ita ce a raba shi da ƙwallo. Da wannan tsari Miami Heat ta firgita ƙungiyoyi ta ɗauki kofi a 2012 da 2013. A 2014 kuwa San Antonio Spurs ta nuna maganinsa: kafin rufdugun ya rufe an fitar da ƙwallo, daga hannu zuwa hannu, har ta isa ga wanda ba kowa a kansa. Wasa biyar kawai suka yi da Miami a zagayen ƙarshe, Spurs ta ci huɗu. Dalilin a fili yake. In mutum biyu suna kan ɗaya, saura uku ne a kan huɗu. Haka Golden State Warriors ta yi shekaru tana yi wa masu rufe Curry: ya miƙa wa Draymond Green a tsakiya, Green ya zaɓi wanda zai ba.

Ra'ayina shi ne rufdugu yaji ne, ba tuwo ba. A yi shi lokaci zuwa lokaci, bayan hutun koci, ko a kan mai ƙwallon da aka ga yana rikicewa, ko in shingen ya zo kusa da layin gefe inda layin kansa zai zama mai tsaro na uku. Ƙungiyar da ba ta da masu iya fasin sosai tana iya watsewa da rufdugu biyu ko uku.

Musaya

Musaya ita ce mafi sauƙin bayani, ita ce kuma aka fi lalatawa. Dogo ya karɓi mai ƙwallo, mai bin ƙwallo ya karɓi mai shinge, shi ke nan. Babu gibi, babu buƙatar taimako daga sauran. Abin da aka bayar shi ne rashin daidaito: dogo mai nauyi a gaban ɗan ƙarami mai sauri, gajere kuma a bayan ƙato a ƙarƙashin kwando.

Minti ɗaya a tarihin wasan ya nuna fuskokin musaya duka biyu. Ranar 19 ga Yuni, 2016, a birnin Oakland, wasa na bakwai na zagayen ƙarshe tsakanin Cleveland Cavaliers da Golden State, ana 89 da 89. Klay Thompson na Golden State ne ke tsare da Kyrie Irving na Cleveland. Cleveland ta turo J.R. Smith, wanda Curry ke tsarewa, ya kafa shinge da gangan don a yi musaya. Aka yi. Irving ya sami wanda yake so a gabansa, ya bubbuga ƙwallo a gefen dama, ya jefa maki uku ta saman Curry, saura daƙiƙa 53. Da aka juya ɗaya ɓangaren, Golden State ta rama da irin dabarar: Green ya kafa shinge, Kevin Love ya faɗa a kan Curry. Love dogo ne da ba a san shi da saurin ƙafa ba, kuma shi aka nema. Curry ya yi dama, ya yi hagu, ya ba da ƙwallo ya sake karɓa. Love bai yi tsalle a banza ba, bai kai hannu sata ba, ya duƙa yana ta matsa ƙafafu, hannu a sama. Curry ya jefa a takure, ta ƙi shiga. Cleveland ta ci 93 da 89.

Wanda zai yi musaya ya kiyaye abu biyu. Na farko, ba a musaya sai masu tsaron biyu sun kusanci juna har suna iya taɓa juna, kuma an furta, "Musaya!" Mai shinge mai wayo yakan yi kamar zai tsaya, sai ya sulale kafin a yi karo. In ɗaya ya yi musaya ɗaya bai yi ba, ku biyu za ku tsinci kanku a kan mutum guda. Na biyu, wanda ya karɓi mai shinge ya yi maza ya shiga tsakaninsa da kwando. In ya fi ka tsawo nesa ba kusa ba, ka sha gabansa ka hana a ba shi, ka kira wani dogon daga baya ya zo ya karɓe ka tun ƙwallo ba ta iso ba. Abin da nake tsoro ga matasa shi ne musayar lalaci, wadda ake yi don kawai ba a son wahalar ratsa shinge. Ƙungiyar da 'yan wasanta suke kusan tsawo ɗaya, musaya ta dace da ita. Wadda ke da dogo ɗaya tilo mai nauyi, ta ajiye ta sai in lokacin jifa na daƙiƙa 24 ya kusa ƙare wa masu hari.

Kora gefe

In shingen a gefen fili aka kafa shi, akwai wata hanya: a hana amfani da shi gaba ɗaya. Mai bin ƙwallo ya tsallaka ya tsaya tsakanin mutuminsa da shingen, bayansa na kallon tsakiyar fili, ya kora shi zuwa layin gefe da layin ƙarshe, inda dogo ke jiransa a ƙasa. Amurkawa suna kiran wannan da kalmar da ke nufin ƙanƙara, kuma koci Tom Thibodeau ne ya yi suna da shi a Chicago Bulls daga 2010. Hikimarsa ita ce mai ƙwallo a tsakiya yana ganin kowa, a gefe kuwa rabin fili ya ɓace masa. Amma in kira ya makara ko da ƙiftawar ido ne, ba zai yiwu ba.

Sauran ukun

Har yanzu maganar mutum biyu muke ta yi, alhali biyar ne a fili, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yawancin makin da ake ci da wannan dabara, in ka bi sawu, za ka tarar wani ne daga cikin sauran ukun ya tsaya yana kallo kamar ɗan kallo.

Mafi nauyin aiki yana kan wanda ke tsare da mutumin kusurwar nesa, wato ɓangaren da ƙwallo ba ta nan. Tun shinge na hanya ya kamata ya baro mutuminsa ya sa ƙafa ɗaya a cikin akwati. In mai shinge ya sulalo, shi zai tare shi da ƙirji, ya riƙe shi na ɗan lokaci har dogo ya dawo, sannan ya koma. Abokinsa da ke sama da shi a wannan ɓangaren ya sauko ya tsaya tsakanin masu jifa biyu, duk wanda aka fara jefa wa ƙwallo nasa ne, wanda ya je taimako kuma ya ɗauki ɗayan. Mai tsaron kusurwar da ke kusa da ƙwallo kuwa ba ya barin mutuminsa. Fasin gajere ne, ba zai iya komawa ba, kuma daga kusurwa layin maki uku ya fi kusa da kwando, mita 6.60 ne. Lokacin komawa kan mai jifa, a fara da gudu, a ƙarasa da gajerun taku, hannu ɗaya a sama, kada a wuce shi da gudu ya yanke ka.

Ku sani kuma ba kullum mai shinge ke nufar kwando ba. Wani baya yake ja ya jira fasin ya jefa, kamar Bajamushen nan Dirk Nowitzki da ya kai Dallas Mavericks ga kofi a 2011. In kun haɗu da irinsa, ja baya mai zurfi ba zai yi ba, sai dogo ya matso sama ko a yi musaya.

Aikin fili

Kada ku ɗebo duka a lokaci guda. Ku zauna da ƙungiyarku ku dubi dogonku da idon gaskiya: yana da sauri ko nauyi gare shi? Ku dubi masu bin ƙwallonku: za su iya ratsa shinge sau ashirin a wasa ɗaya? Daga amsar ku zaɓi tsari ɗaya ya zama na kullum, da ɗaya na ko-ta-kwana. Tsari guda da mutum biyar suka fahimta ya fi biyar da kowa ke yin nasa.

Ku fara da biyu da biyu, a tafiya, babu jifa, har ƙafafu su san wurinsu. Sai ku ƙara mutum a kusurwar nesa ya zama uku da uku, don mai taimako ya koyi zuwa da komawa. Sannan biyar da biyar, da sharaɗi ɗaya: duk shingen da aka kafa ba a kira shi ba, maki biyu ne ga masu hari, ko sun ci ko ba su ci ba. Mai koyarwa ya je tsakiyar fili ya juya wa 'yan wasa baya. In bai ji kiran daga inda yake tsaye ba, a sake.

Ga tambayoyin da za ku amsa a rubuce:

1. Mai ƙwallo yana da sauri amma bai ci ko ɗaya daga nesa ba tun farkon wasa. Ta ina mai bin ƙwallo zai bi, kuma me dogo zai yi don ya ba shi hanya?
2. An yi rufdugu, mai ƙwallo ya samu ya miƙa wa mai shinge a tsakiya. Zana fili, ka nuna inda kowane ɗaya daga cikin sauran ukun zai tsaya.
3. Wani ya yi jifa 20 daga tsakiya ya ci 9. Wani ya yi 20 daga bayan layi ya ci 7. Wanne za ka fi yarda a bari a buɗe?

Mako mai zuwa kowa ya zo da takardarsa, ya rubuto tsarin da ƙungiyarsa ta zaɓa da kalmomin kiran da kuka amince da su. Ku zo da takalman wasa, a fili za mu yi darasin.